Ni da Kwalbar Khal Tuffa

Teɓata ta daɗe da hana ni ganin yatsun ƙafata idan ina tsaye, amma ban taɓa ɗaga mata hankali ba sai ranar da wani saƙo ya faɗo a zauren WhatsApp na tsofaffin ɗaliban makarantarmu. Saƙon ya ce a shekarar 2024 masu bincike a Lebanon sun gwada ruwan khal na tuffa, wato ruwan tsamin da ake yi da tuffa, a kan matasa 120, kuma cikin mako 12 sun zubar da kilo 6 zuwa 8. Abin da ya fi burge ni shi ne babu inda aka ambaci gudu da asuba, babu kuma inda aka taɓa mutuncin tuwo.

Da yamma na biya wani kantin magungunan Musulunci, mai kantin ya ɗaga kwalbar a hasken fitila ya nuna mini wani gurɓataccen abu mai yauƙi da ya kwanta a ƙasanta, ya ce wannan ita ce uwar khal, kuma ita ce shaidar na asali ne. Ya ce a zuba cokali ɗaya a cikakken kofin ruwa. Ni kuwa na lissafa cewa wannan ƙa'ida ta masu ƙaramar teɓa ce, don haka washegari kafin karin kumallo na cika rabin kofin shayi ba sirki, na yi bisimilla na kafa kai.

Maƙogwarona ya kama wuta, hawaye suka zubo, tari ya sarƙe ni har uwargida ta fito daga madafa da ludayi a hannu tana cewa, "Maigida, lafiya? Fiya-fiya ka sha?" Ban iya ba ta amsa ba sai da na kora da koko mai sukari da ƙosai ninkin wanda na saba ci, domin ɗanɗanon ya ƙi barin harshena. Daga ranar nan abin ya zama tsari. Ina shan khal da safe, sannan in ci abinci da kwanciyar hankali irin ta wanda ya san akwai ma'aikaci a cikinsa yana narkar da kitse ba dare ba rana. Da daddare kuma idan na tsaya wurin mai tsire, sai in ce ya zaɓo mini mai kitse-kitse, tunda akwai maganinsa a gida.

Ba a jima ba haƙorana suka yi dasashi har goro ya gagare ni, ƙwannafi kuma ya riƙa tashina cikin dare. Mafi muni shi ne gyatsa. Wata rana a sahun Azahar ta kuɓuce mini, warin tsami ya gauraye wurin, kuma bayan an yi sallama wani dattijo da ke damana ya riƙe hannuna bai saki ba, ya sunkuyo ya ce a hankali, "Ɗana, ƙofar tuba a buɗe take." Na yi ta rantsuwa cewa ruwan tuffa ne, shi kuwa yana gyaɗa kai cikin tausayi.

Duk na jure saboda sakamakon da nake jira. Da na ga yaran nan masu yawo da sikeli a bakin kasuwa, na kira ɗaya na hau, allurar ta wuce inda na bar ta a baya. Na cire takalmi na sake hawa, na cire hula da waya da makullai na sake hawa, yaron yana ta ƙirga da yatsu, domin a wurinsa kowane hawa kuɗinsa daban.

Ɗiyar ƙanwata, wadda take karatun haɗa magunguna a jami'a, ita ta warware mini zancen da ta zo gaishe mu. Ta ce, "Kawu, mujallar da ta buga binciken Lebanon ɗin nan ta janye shi a 2025 saboda an sami matsala a alƙalumansa." Ta ce wanda aka fi kafa hujja da shi an yi shi ne a Japan a 2009, inda mutane masu ƙiba suka sha mililita 15 ko 30 kullum, a sirke, tsawon mako 12, abin da suka rage bai wuce kilo 1 zuwa 2 ba, kuma wata guda bayan sun daina nauyin ya dawo. Ta ƙara da cewa masu binciken ma'aikatan kamfanin Mizkan ne mai sayar da khal, cewa tsamin da ke cikinsa, kimanin kashi 5 cikin 100, yana cinye rufin haƙori, kuma mai shan maganin ciwon sukari ko na sa fitsari dole ya tuntuɓi likita kafin ya mayar da shi abin sha. Har ta ce wasu masana sun gano cewa rage cin da yake sawa yana da alaƙa da tashin zuciya, wanda ni ƙosai ya yi mini maganinsa.

Na kare kaina da hadisin da Muslim ya ruwaito, inda Annabi (SAW) ya yabi khal. Ta sunkuyar da kai cikin ladabi ta ce, "Haka ne Kawu, amma a matsayin mahaɗin abinci ya yabe shi."

Uwargida tana bakin ƙofa tana jin komai. A daren nan kwalbar ta koma madafa, ana wanke latas da kabeji da ita, malmalar tuwona ta koma ɗaya, kuma an ɗora mini zagayen unguwa bayan sallar Asuba. Shekaranjiya mai tsire ya aiko yaronsa har gida a tambaya ko jinya nake yi.