Tambayar da wata tsohuwa ta yi mini a cocin St Martin

Ruwa ne ya kora ni ciki. Ina dawowa daga aiki a Kantabari, nan Ingila, sama ta ɓalle, na hango ƙofa a buɗe bisa wani ɗan tudu, na faɗa. Ashe cocin St Martin ne, na ɗarikar Anglika, ɗan ƙarami, bai fi masallacin layinmu girma ba. Kaburbura sun zagaye shi, duwatsunsu sun karkace, gansakuka ta cinye rubutun.

Wata tsohuwa mai tarbar baƙi ta ja ni bakin bango, ta ce in taɓa. Siraran jan bulo ne, kwance tsakanin duwatsu, ragowar ginin Rumawa. Ta ce a nan Sarauniya Bertha take ibada tun mijinta, Sarkin Kent, wato wannan yankin, bai karɓi Kiristanci ba, nan kuma wani ɗan mishan, Augustine, ya fara wa'azi da ya iso daga Rum a 597. Na lissafa a zuci: shekara 25 kafin Hijira. Har yau kuma ana ibada a ciki.

Sai ta tambaye ni ginin da ya fi tsufa a garinmu. Na ce Masallacin Juma'a na Zazzau, aikin Babban Gwani, wajen shekarun 1830. Ta yi murmushi ta ce, "Ashe sabo ne."

Maganar ta tsaya mini a wuya. Gaskiya sun iya adana, har UNESCO ta sa wurin a jerinta na wuraren tarihi na duniya a 1988. Amma dutse ko an yi banza da shi yana nan. Ginin ƙasa fa? Damina biyu ba yaɓe, ya tafi. Duk soron da ka gani tsaye a Zariya, hannu ne ya riƙe shi shekara bayan shekara. Su ma mishan ai da ƙasa suka gina cocin Wusasa, da maginanmu. Kuma ranar Lahadi na leƙa St Martin, kawunan furfura ne 'yan kaɗan. Mu ranar Juma'a sahu har titi.

Duk wannan ban faɗa mata ba. Abin da na tuna a tsaye wurin, zauren kakanmu ne, mai azara da zanen dagi a goshi. Bara Yaya ya kira ni ya ce sun rushe shi, za a fitar da shaguna uku. Ni na tura kuɗin siminti.