Dang: a ƙirga garin da ɗakunan haya

Wanda ya bar Ngaundere a ƙasar Kamaru ya kama hanyar Garwa, da ya yi tafiyar kilomita kamar 15 zai shiga Dang. Can baya ƙauye ne irin na tudun Adamawa, gonaki da shanu da 'yan gidaje a bakin hanya. Cibiyar jami'a ta buɗe ƙofa a nan a 1982, ta zama cikakkiyar Jami'ar Ngaundere a Janairun 1993, sannan a 2007 aka yanka ƙaramar hukumar Ngaundere ta Uku, Dang ta zama mazauninta. Amma in ka tambayi mutum nawa ne a garin, sai an fara tambayarka a wane wata. Daga Oktoba zuwa wajen Yuli dubban ɗalibai ne ke kwana suna tashi a nan. A Agusta da Satumba kuwa layi guda na ɗakuna sai ka tarar duk da kwaɗo a ƙofa, mai shayi yana gyangyaɗi a kan benci.

Ra'ayina shi ne duk wani tsari na ruwa, shara, magani ko tsaro da aka gina a kan yawan 'yan asalin gari kuskure ne tun daga tushe. An shafe shekara kusan ashirin ana jingina da alƙaluman ƙidayar 2005, alhali a wannan tsakanin ne unguwannin da ke kewaye da jami'ar suka cika da gini. Abin da ya kamata a ƙirga shi ne ɗakin haya da masu kwana a cikinsa.

Yadda aka zo nan ba ɓoyayye ba ne. Gyaran jami'o'i na 1993 ya soke alawus ɗin da gwamnati ke ba ɗalibai, ya kuma kawo kuɗin rajista sefa 50,000 a shekara. Ɗalibai suka yi ta ƙaruwa, ɗakunan kwanan jami'a ba su ƙaru daidai da su ba. Sai masu ɗan hali suka cike giɓin da abin da kowa ke kira minisite: dogon gini na ɗakuna jere, kowane ɗaki bai wuce mita uku a tsaye uku a kwance ba, tsakar gida ɗaya, rijiya ɗaya, masai biyu ko uku a baya. 'Yan Cadi na cikin manyan masu kama waɗannan ɗakuna, don hanyar Mundu da ta Njamaina duk suna kawo mutum nan. Shi ya sa a kasuwar Dang za ka ji Fillanci wajen ciniki, Faransanci a bakin ɗalibai, Larabcin Cadi da Ngambai a tsakar minisite, Hausa kuma wajen mahauta da masu tireda.

A kan rijiyar nan ce nake so mu daɗe. Ɗauki minisite mai ɗaki 30, kowane ɗaki mutum biyu, kuma an san wasu ɗakunan uku ne don a raba kuɗin haya. Mutum 60 ke nan. Mafi ƙarancin abin da mutum ke buƙata na sha da girki da ɗan wanka lita 20 ne a rana, wato lita 1,200 kullum daga rijiyar da aka haƙa da hannu, wadda a da gida ɗaya take shayarwa. Damina a wannan tudu daga Afrilu take zuwa Oktoba. Ke nan ɗalibai na isowa ne rijiya na cike, amma a Fabrairu da Maris, lokacin da gari ya fi cika, ruwa ya ja baya sai laka, guga na fitowa da jan ruwa. Da ruwan farko ya sauka kuma sai wata matsalar ta taso. Ƙa'idar lafiya ita ce a bar aƙalla mita 15 tsakanin rijiya da ramin masai, mita 30 ya fi, kuma rijiyar ta kasance ta sama da gangare. Mai fili ƙarami da ke son ya matse ɗaki 30 a ciki ba shi da wannan sararin. Ko ya kiyaye a nasa filin, masan maƙwabcinsa na jingine da katangarsa. Ruwan sama na ratsa ƙasa ya kwaso ƙazanta zuwa rijiya, abin da ke biyo baya kuwa taifot ne da gudawa. Ɗalibi ya sayi ƙwayoyi a bakin hanya, ya ce zazzaɓin sauro ne, ya koma ya sha ruwan da ya kwantar da shi.

Gyaran ba wani abin a zo a gani ba ne. A sa zoben siminti a bangon rijiya, musamman mita uku na sama, a toshe tsakaninsu. A ɗaga bakinta kusan ƙugu, a yi daɓen siminti kewaye da ita mai gangara waje, da magudana. A sa murfi, a ajiye guga ɗaya a rataye maimakon kowa ya zo da nasa daga bayan gida. Amma duk wannan ba ya kawo haya, shi ya sa sai an tilasta.

Za a ce ɗalibi baƙo ne, shekara uku ya ɗauki digirinsa ya tafi, don me ƙaramar hukuma za ta kashe kuɗinta a kansa? Mutumin yana tafiya, ɗakin yana nan, kuma kafin Oktoba wani ya shiga. Bayan haka kuɗin da iyaye ke aikowa daga Kuseri da Duwala da Mundu shi ke riƙe da mai fanke da wake, mai tsire, mai ɗab'in takardu da 'yan mashin da ke jira a ƙofar jami'a. Garin da ke cin moriyar ganga bai kamata ya yar da kwaurenta ba. Gaskiya ne akwai ƙorafin dattawa kan mashaya da kiɗan dare da irin shigar da ba su saba gani ba, kuma ba ƙorafin banza ba ne. Sai dai wanda ya ba da filin aka gina mashayar galibi ɗan gari ne.

Batun fili ma na buƙatar faɗakarwa. Takardar sayarwa da jauro, wato mai unguwa, ya sa wa hannu shaida ce, amma a ƙarƙashin dokar filaye ta 1974 takardar mallaka ta hukuma ce kaɗai ke tabbatar da mallaka. Wanda ya ci bashi ko ya kwashi adashi ya gina a kan filin da ba shi da ita yana iya wayar gari da wani mai da'awa. Kuma kada a ɗauka ɗaki ba zai taɓa rasa mai haya ba. An buɗe Jami'ar Marwa a 2008, an ƙirƙiri ta Garwa da ta Bertuwa a 2022, duk a yankunan da a da 'ya'yansu Dang suke nufa. In ɗalibai suka sami zaɓi, gidan da ba ruwa mai kyau shi zai fara zama kango.

Abin da ofishin magajin gari zai iya yi ba tare da jiran gwamnati a Yawunde ba shi ne ya zaga a watan Fabrairu, gida gida, ya rubuta yawan ɗakuna, masu kwana, rijiyoyi, masai da tazarar da ke tsakaninsu. Jami'ar na da sassan da ke koyar da kimiyyar abinci da sinadarai, suna da ɗakunan gwaji da ɗaliban da ke neman aikin bincike. A ba su gwajin ruwan rijiyoyi sau biyu a shekara, a Maris da kuma bayan ruwan farko, a liƙa sakamakon a ƙofar kowace minisite kafin lokacin kama ɗaki. Sabon gini kuwa kada a ba shi izini sai an nuna a zane inda rijiya take, da inda masan gidan da na maƙwabta suke.