A Gina Musu Titinsu, A Daina Yi Musu Wa'azin Hijira

Tun da Australiya ta buɗe ƙuri'ar bai wa 'yan Tuvalu, ƙasar ƙananan tsibirai a tekun Pasifik, biza a watan Yunin 2025, wata magana ta samu gindin zama a bakin masu sharhi, kuma raina yana ɓaci duk lokacin da na ci karo da ita. Wai tunda dubban mutanen ƙasar sun yi rajistar neman gurbi 280 da za a riƙa bayarwa duk shekara, to zance ya ƙare: tsibiran nan nutsewa za su yi saboda tashin teku da sauyin yanayi ke haddasawa, duk kuɗin da aka zuba wajen gyara titunansu da kare gaɓarsu asara ne, gara a yankar musu tikitin jirgi. Masu wannan ra'ayi suna ɗaukar kansu masu faɗin gaskiya komai ɗacinta. Ni kuwa abin da nake gani a ciki shi ne neman hanya mafi arha ta zille wa biyan ɓarnar da aka yi wa mutane.

Sai mutum ya fara sanin matsayin titi a irin waɗannan ƙasashe. A nan wajenmu idan ruwan damina ya cinye gada, direba ya yi tsaki ya kewaya ta wani gari, kuɗin mota ya ƙaru, amma dai a isa. A Tarawa ta Kudu, babban birnin Kiribati, maƙwabciyar Tuvalu, babu kewaye. Ƙananan tsibirai ne sirara a jere kamar ƙwayoyin carbi, titi guda ɗaya tal ya ɗinke su tun daga tashar jiragen ruwa ta Betio har filin jirgin sama na Bonriki, tafiyar kimanin kilomita 30, ruwa a dama ruwa a hagu. Kusan rabin al'ummar ƙasar a bakin wannan titi suke zaune. Shinkafa da mai da magani daga tasha suke fitowa su bi ta kansa. Mai naƙuda ta kansa za a kai ta asibiti. Ruwan shan da ake jawowa daga rijiyoyin Bonriki a gefensa bututun ya bi. Ranar da igiyar ruwa ta karya wani sashe nasa, ƙasar ce gaba ɗaya ta tsaya cak.

An kuwa ga hakan. Hanyar da Japan ta gina a kan ruwa tsakanin Betio da Bairiki a shekarun 1980 ta ji jiki a 2015, lokacin da tumbatsar teku ta haɗu da igiyoyin da mahaukaciyar guguwar Pam ta turo. Japan ta dawo ta sake gina ta da kuɗin tallafi, aka ƙarfafa gefunanta, aka kammala a 2019. Babban titin ma Bankin Duniya da Bankin Raya Asiya da ita kanta Australiya sun haɗa hannu sun sabunta shi, da magudanan ruwa da katangun tare igiya a wuraren da teku ke ci. Yau mutane suna bin titin nan zuwa kasuwa da makaranta. Ina son mai cewa asara ce ya gaya min abin da ya kamata yaron da aka haifa a Betio a 2015 ya taka zuwa makaranta cikin shekarun nan goma.

Ba na musun cewa teku na tasowa. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta ce a Tuvalu ya ƙaru da kusan santimita 15 cikin shekara 30, kuma ƙasa ce da tudunta mafi tsawo bai kai mita 5 ba. Sai dai a babban birninta Funafuti an cike bakin ruwa da yashi an samar da sabon fili sama da hekta 7, an ɗaga shi yadda zai fi ƙarfin tumbatsar da ake hasashe har ƙarshen wannan ƙarni, a wani aiki da Asusun Yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya sa wa dala miliyan 36. Wannan kuɗin bai kai na sayen ɗan ƙwallo guda ɗaya mai suna a Ingila ba. Katangar da Japan ta gina ta zagaye Male, babban birnin Maldives, ita ta rage wa garin ɓarna a ambaliyar tsunami ta 2004. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar Holan yana ƙasa da doron teku, ban taɓa jin wanda ya ce mutanen Amsterdam su tattara kayansu su koma Jamus ba. Ilimin yana nan, injiniyoyin suna nan. Bambancin kawai, talaka ne ake gaya wa ya haƙura da gidansa.

 

Inda abin ya fi ciwo shi ne wajen kuɗi. Duka ƙananan ƙasashen tsibirai idan aka haɗa su, hayaƙi mai ɗumama duniya da suke fitarwa bai kai kashi 1 cikin 100 na duniya ba. Amma da guguwar Maria ta ratsa tsibirin Dominica na yankin Karibiyan a 2017, ɓarnar da ta yi cikin dare ɗaya ta ninka abin da ƙasar ke samarwa a shekara fiye da sau biyu, tituna da gadoji na cikin abin da ya tafi. Me ake ce wa irin wannan ƙasa? Ta ciyo bashi ta gyara. Kafin ta gama biya wata guguwar ta zo, ta sake ciyo wani a kan titin da ba ta gama biyan na farko ba. Da yawansu ma ana hana su bashi mai sauƙi, wai don lissafi ya nuna ba matalauta ba ne. An doke su an hana su kuka. Asusun biyan asara da ɓarna da aka yi ta shela a kansa, alkawuran da aka tara masa a taron sauyin yanayi na Dubai na 2023 ba su wuce kimanin dala miliyan 700 ba, Amurka kuma ta fice daga kwamitin gudanar da shi a watan Maris na 2025. Shi ya sa ban ga laifin wakilan tsibiran da suka tashi suka bar zauren tattaunawa a taron sauyin yanayi na Baku a 2024 ba.

Ita Australiyar da ake yaba wa karamci, a shekarar da ta buɗe ƙuri'ar bizar ce ta amince a ci gaba da aikin iskar gas na North West Shelf har zuwa 2070, tana kuma sahun gaba wajen fitar da kwal. Ba da biza 280 ya fi mata sauƙi nesa ba kusa ba a kan taɓa wannan kasuwa. A watan Yulin 2025 Kotun Duniya da ke Hague, a ra'ayin shawara da Vanuatu, wata ƙasar tsibirai ta Pasifik, ta jagoranci nema, ta ce ƙasashe na da hakki a wuyansu na kare yanayi, kuma wadda ta saɓa ana iya neman ta da diyya. Kuɗin titin Tarawa da na Funafuti ta wannan ƙofa ya kamata su shigo, kyauta ba rance ba, har da na kula da su duk shekara, domin gishirin teku ba ya jiran kasafin kuɗi. A kuma saurari mutanen wurin kafin a kafa katanga, don wadda aka gina da garaje takan kare nan ta tura zaizaya gidan maƙwabci, mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake masa yoyo.

Har ita ƙuri'ar da ake kafa hujja da ita, an karanta ta a baibai. Bizar ta ba mai ita damar shiga Australiya ya yi karatu ko aiki ya kuma koma gida duk lokacin da ya ga dama, kuma shugabannin Tuvalu sun dage sai da aka rubuta a yarjejeniyar cewa ƙasarsu za ta ci gaba da zama ƙasa komai tashin teku. Wanda ya rubuta sunansa don ɗansa ya samu jami'a bai sa hannu a kan a bar titin ƙofar gidan mahaifiyarsa ya ruguje ba.