Hutun Disamba a Mancesta da Sallar da ke faɗowa ranar makaranta

A Mancesta ta ƙasar Ingila, cikin watan Disamba, kafin ƙarfe huɗu na yamma magariba ta yi, gari kuma ba ya wayewa sosai sai takwas ta wuce. A tsakiyar wannan duhun ake sallamo mana yara hutun mako biyu. Nawa biyu ne, yarinya 'yar shekara shida da ƙaninta mai shekara uku, muna zaune a bene, ba tsakar gida, ba soro, ba ƙofar gidan da zan ce su je su yi wasa in sarara. Waje ruwa ne da iska mai yankar kunne. Kafin in gama saka wa ƙaramin riga uku da safa da hula, babbar ta ce fitsari take ji, sai a koma kwance kaya. Wata ranar a nan fitar take ƙarewa.

Ana saura kwana biyu a yi hutu babbar ta dawo daga makaranta da tambaya. "Ammi, me ya sa Fada Kirsimeti ba ya zuwa gidanmu? Ko don ba mu da bututun hayaƙi ne?" Na ce mata mu Musulmi ne, Sallah muke yi. Ta ce yaushe. Na ce sai an gama azumi. Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce, "Ranar kowa ba ya zuwa makaranta?"

Na buɗe baki na rufe. Yarinyar ta gano inda gizo ke saƙa tun kafin ni.

Mu faɗi gaskiya, Turawan nan sun iya tarairayar yaro da biki. Tun Nuwamba suke fara kunna masa wuta a zuciya. Tituna su sha fitilu, tsakiyar gari ya cika da rumfunan katako na kasuwar Kirsimeti, makaranta ta shiga shirin wasan kwaikwayo. Daga 1 ga Disamba kowane yaro yana da wani kwali mai ƙananan ƙofofi 24, kullum da safe ya ɓalle ɗaya ya ciro cakulan, ya san saura kwana kaza. Ranar 25 ga wata kuwa ƙasar gaba ɗaya take tsayawa cak. Doka ta hana manyan kantuna buɗewa, jiragen ƙasa ba sa tafiya. Shekarata ta farko na fita neman madara da hantsi, na tarar da titi fayau, ko kare babu. Gabana ya faɗi. Wanda ya tashi a Kano ya san abu ɗaya ne ke kawo irin wannan shirun: dokar hana fita. Na koma gida da sauri ina tambayar Abbansu ko wani abu ya faru. Ya yi ta dariya, wai ai bikin ke nan.

Bikinsu ciki yake shigewa. Kowa ya ja ƙofarsa ya rufe, shi da 'ya'yansa da wanda ya gayyata tun wata guda baya. Akwai wata tsohuwa a ƙasan benenmu, ita kaɗai take zaune. Kowace shekara takan zuro mana kati ta ramin wasiƙa, ba ta taɓa ƙwanƙwasawa ba. Bara na soya waina na yi miyar taushe na aiki babbar ta kai mata. Washegari ga farantin a bakin ƙofa, an wanke shi tas, da wani katin na godiya a kai. Na ji daɗi, amma na tsaya ina kallon farantin. A unguwarmu kwano ba ya dawowa haka, kuma ba a bakin ƙofa ake ajiye shi ba.

A cikin birni na tashi. Sallarmu tun daga Kantin Kwari take farawa, ranar da Baba ya shigo da atamfa a leda aka baza a tabarma kowa yana shinshina ƙamshin sabon yadi. Sai zaryar gidan tela, wanda kullum amsarsa ɗaya ce, a dawo gobe bayan la'asar. Daren Sallah ba mai barcin kirki. Ƙafa da hannu a ƙunshe cikin lalle da leda, kai yana zugi saboda sabon kitso, takalmin Sallah a ƙarƙashin matashi don kada ido ya ɗauke daga kansa. Da safe maza su nufi Idi a Ƙofar Mata, mu kuma a ɗora mana langa a ka, gidan Gwaggo, gidan Liman, gidan mai unguwa, mu kai tuwo mu dawo da wani. Gidan da ya dafa kala ɗaya, kafin azahar ya tara kala shida.

Sai yawon Sallah, wanda shi ne Sallar a wurinmu. Mu bakwai ko takwas, babbar cikinmu ba ta wuce shekara goma sha ɗaya ba, mu ratsa lunguna ba wani babba a tare da mu. Mu shiga gida mu durƙusa mu gaishe da mutanen gidan, a yaba ɗinki, a tambayi 'yar gidan wa ce wannan, a miƙo barka da Sallah. Naira biyar, naira goma. Wanda ya ba da Murtala ya zama abin labari, mai ba da wazobiya kuwa har badi ba a manta gidansa. Washegari hawan Daushe, mu kutsa cikin turmutsutsu a Ƙofar Kudu ƙura tana cika mana sabon kitso, ƙarar bindigogin gargajiya tana sa mu toshe kunne muna dariya. Kwana na uku hawan Nassarawa. Abin da ya rage na kuɗin Sallah a ƙarar da shi a Gidan Zoo, a kan lilo da alawa da tabarau na roba.

Sai da na haihu a ƙasar wasu na lura da wani abu. A duk wannan hidimar, ba abin da iyayena suka zauna suka tsara mana. Umma tana bakin murhu tun asuba, Baba yana soro da baƙi. Su dai sun yi ɗinki sun sa tukunya a wuta. Sauran duka gari ne ya yi mana, kyauta. Gwamnati ta ba da hutu, kasuwa ta tashi, sarki ya hau, kowace ƙofa a buɗe, kuma duk babban da ya gan mu a hanya yana ganin mu nasa ne, zai iya goge mana majina ya kuma iya ranƙwashinmu.

Da na ɗauka bambancin addini ne. Wata maƙwabciyata 'yar Jos ta warware min. Kirista ce, kuma duk Disamba kukanmu ɗaya. Ta ce wannan abin da ake yi a nan ita ba ta san shi da Kirsimeti ba, ina yara da sababbin kaya suna zaga gidaje, ina rabon shinkafa da kaza? Sai na tuna abokin aikin Baba da ke Sabon Gari, wanda duk shekara ɗansa yake sallama da kular shinkafa, mu kuma mu rama da nama a Babbar Sallah. Ashe mu a can, ko wane biki ne, waje yake fitowa.

Ba zan yi wa gida ƙarin gishiri ba. Na tuna wata ƙawarmu da takan ce zazzaɓi take yi duk ranar Sallah, sai da muka girma muka gane ɗinki ne ba a yi mata ba. Na kuma gane gajiyar Umma, duk da ita tana da hannuwa: ƙanwar Baba, 'yar riƙo, matan maƙwabta, almajirin gidanmu mai ɗebo ruwa. Kanon yanzu ma ba ita ce ta cikin kaina ba. Yayata ba ta barin nata su yi yawon Sallah su kaɗai saboda tsoron ɓarayin yara, a adaidaita sahu take kwasarsu ta kai su gida uku ta dawo da su. Hawan da nake wa 'yata alfahari da shi, wanda hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa cikin jerin al'adun duniya a Disamban 2024, 'yan sanda sun hana shi a Babbar Sallar 2024 da Ƙaramar Sallar 2025 saboda rikicin masarauta. Akwai yara a cikin birni da ba su fi 'yata sanin jahi ba.

To amma ko da hakan, yaron da ke Kano ya san ranar Sallah daban take, don ya ga gari ya sauya. Nan fa? Doka ta yarda yaro ya yi fashin makaranta ranar ibadar addininsu, sai a rubuta wa shugabar makaranta. Matsalar, wace rana za ki rubuta? Wasu masallatai suna bin Saudiyya, wasu suna jiran ganin wata a Maroko, sai a gari ɗaya a yi Idi kwana biyu. Abbansu aikin karɓa-karɓa yake yi, ana son ya nemi hutu makonni kafin lokaci, sai ya yi ta canke. Idan an dace mu je filin Platt Fields a yi sallah da dubban mutane, Pakistan da Somaliya da Larabawa da mu, shaddar yaro a ɓoye cikin rigar sanyi. Kafin azahar mun dawo. Motar kwasar shara tana aikinta, maƙwabci yana wanke mota, 'yan ajin 'yata suna makaranta. Sai mu kira gida. Hajiya, kakar yaran, ta kafa fuska a waya, "Ke kishiya, ina goron Sallata? Ina maigidan nawa, ko ya yi sabuwar amarya ne?" A bayanta 'ya'yan 'yan uwa suna gilmawa da gudu, ana ta ihu. 'Yata ta yi murmushi ta amsa da Hausarta mai ɗingishi, idonta a kan yaran. Layya kuwa ba a yanka a gida a nan, sai dai a karɓo nama a leda wurin mahauci, ko a tura kuɗi gida a turo hoto ta WhatsApp. Ƙaramin har yau ɗauka yake rago a cikin waya yake zaune.

Wani zai ce to ku riƙa kawo su gida mana. Hutun makaranta ba ya bin wata. Wanda ya cire yaro ba izini, tara ce fam 80 a kan kowane mahaifi, kowane yaro, ta koma 160 idan kwana 21 ya wuce ba a biya ba. Tikitin Disamba kuma shi ne mai ɗan karen tsada, ga shi in an je ba Sallah za a tarar ba, sai bukukuwan aure da hunturu.

Inda nake da ja da mutanenmu na nan shi ne. Da zarar Disamba ta kama, zaurukanmu na WhatsApp sun cika da gargaɗi: kada a bar yaro ya yi kaza, kada ya karɓi kaza. Ban ƙi ba. Ni ma ba na kafa bishiya a falo, kuma 'yata ta san Annabi Isa da Nana Maryam daga Alƙur'ani. Amma wanda ya ƙwace abu a hannun yaro, me ya ajiye masa a madadi? Mu duba taron Sallar da muke yi. Asabar ɗin da ta biyo baya, a kama ɗakin taro, a ce ƙarfe biyu a fara ƙarfe biyar. Maza su ja kujeru gefe suna siyasar Najeriya da farashin canji, mata muna fama da kuloli, a yi jawabin shugaba, a yi na ma'aji. Yaran suna lungu an miƙa musu waya, duk wanda ya yi motsi a ce ya yi wa mutane shiru. Wannan muke so ya yi takara da wata guda na fitilu da cakulan a zuciyar 'yar shekara shida. Mun ɗauko rabon iyayenmu, ɗinki da tukunya, mun manta cewa garin da ke cika sauran ba mu taho da shi a jirgi ba.

Azumin da ya wuce na ɗaura zare a bango na rataya 'yan ambulan talatin, kowanne da dabino ko alawa, ana buɗe ɗaya bayan shan ruwa. Da azumi ya kai goma na manna wa ƙaramin gemun auduga, na ba shi sanda, ya yi mana tashe a falo har Abbansu ya biya. Mu gida huɗu muka yi shawara kowa ya nemi hutun kwana biyu, duk inda watan ya faɗa mun rufe. Ranar Sallah muka zuba yara tara a motoci muka zaga gidajen nan huɗu. Mu tsaya a mota, su su hau su ƙwanƙwasa, su durƙusa su gaisa, a ba kowa fam ɗaya. Wata baiwar Allah ta ce min ambulan ɗin nan kwaikwayon Nasara ne. Na ce Yaya, mu da muka tashi muna tambayar saura azumi nawa tun ranar farko, wa ya koya wa wani ƙirga?

Akwai abu guda kuma da hutun Disamba ya ba 'ya'yana wanda ni Sallar gida ba ta ba ni ba, ko da yake ba na son amsawa. Ubansu. Ba majalisa, ba soro, ba inda zai je, sai ga shi a kan kafet yaro ya mai da shi doki. Baba, Allah Ya jiƙansa, yana son mu, amma ban taɓa ganin gwiwarsa a ƙasa don wasa ba. Ran nan surukata ta kira ta bidiyo ta tarar ɗanta yana yi wa yaro wanka, ta yi salati ta ce a ba ni wayar, ta tambaya ko ba ni da lafiya ne.

Da yake Sallah tana matsowa baya da kwana goma ko sha ɗaya duk shekara, lissafin masana ya nuna a 2033 Ƙaramar Sallah za ta faɗo wajen 23 ga Disamba. Makarantu a rufe, tituna da fitilu, kowa yana hutu. Na gaya wa babbar. Ta ƙirga da yatsu, hannu biyu ba su isa ba, ta ce lokacin shekararta goma sha huɗu. Sannan ta ce, "Hajiya za ta zo?" Na ce in Allah Ya kai mu. Hajiya ta haura saba'in, kuma tun ranar da na ba ta labarin magaribar ƙarfe huɗu ta ce ko kyauta ake raba biza ita ba ta zuwa.