Maganin da ke lalata ɓawon ƙwayar ciwon hanta

Labarin cewa ana gwajin sabbin magungunan ciwon hanta nau'in B ya faranta min rai. Ƙwayar cutar tana harhaɗa wa kanta ɓawo da furotin guda 240, a cikinsa take kwafar kanta. Wannan furotin ne magungunan suke kamawa, sai ɓawon ya fito a karkace ko fanko.

Amma fa har yanzu gwaji ake yi, ba su shigo kemis ba. 'Yan'uwana na Agege, don Allah wanda likita ya ɗora kan tenofovir, maganin da ake sha don danne ƙwayar cutar, kada ya daina. Maƙwabcina ya ajiye nasa ya koma jiƙon shawara, sai da idonsa ya yi rawaya, cikinsa ya kumbura. Jarirai kuma a yi musu rigakafi cikin awa 24 da haihuwa.