Ni, Surukina da Ƴar Fitilar Tablo

Duk namijin da ya ce maka shi ya wuce jin kunyar suruki, ka tambaye shi ko ya taɓa tuƙi surukin na zaune a kujerar gaba. In gaisuwar Juma'a ce, kowa gwani ne: ka tuɓe takalmi, ka durƙusa, ka jera "lafiya lau", ka tashi ka kama gabanka. Amma ku yi kusan kilomita 80 kafaɗa da kafaɗa, hannunsa na kaiwa duk inda naka ke kaiwa, wannan jarrabawa ce ta daban.

Motata fikof ce ta hannu, tsohuwar Amurka, ta shigo ta Kwatano tun kafin a rufe iyakar Benin a 2023. Otomatik ce, giya huɗu, babu ambiriyaj, wato abin da ake takawa da ƙafar hagu a sauya giya. Abokaina masu Hilux suna yi mini ba'a wai na sayi motar kai yara lakwal, ni kuwa ƙafata ta hagu ta huta, ban damu ba. A jikin sandar giya akwai wani ɗan maɓalli, daidai inda babban yatsa ke sauka. In ka danna shi sai wata ƴar fitila ruwan goro ta kama a tablo, an rubuta O/D OFF, wato an hana motar shiga giya ta huɗu. Maigarejina ya daɗe da yi mini kashedi: "In kana tafiya fayau ba kaya, ƙyale ta a kashe. Ranar da ka ɗaura rimok mai nauyi, danna ta kama, ka bar ta a kunne har ka sauke kaya."

To, Baba, mahaifin maiɗakina, yana da aya a ajiye a Agye tun kaka. Lissafin da kowa ya sani ne a ƙasar Maraɗi: ka saya lokacin da ta cika kasuwa, ka rufe ɗaki, ka jira zafi ya sa masu kunun aya na Najeriya su fara nema ido rufe. Da bazara ta kankama sai ya aiko ƙanin matata, wani ɗan lise mai bakin tsiya, wai in shirya ranar Asabar za mu kwaso. Saƙon suruki ba a tambayar ko kana da hali. Na ari rimok wurin wani maƙwabcina, muka kama hanya da sassafe.

Zuwa lafiya lau, rimok ba komai ciki sai ƙarar ƙarfe. A Agye aka loda buhu 12 a rimok, 5 a bayan mota. Na tsaya kan ƴan dako suka turo nauyin gaba da taya kaɗan, yadda kimanin kashi ɗaya cikin goma zai kwanta a kan ƙugiyar mota, don in nauyi ya rinjaya baya, da ka ɗan taka sai rimok ta fara lilo hagu da dama. Baba bai ce komai ba, ƙirgar buhu yake. Har ya zaro kuɗi ya ce shi zai zuba esansin komawa, abin da bai taɓa faruwa ba tun da na auri ɗiyarsa. Ashe nan ƙaddara ta ɓuya, don wanda ya zuba mai, motar ta zama tasa har man ya ƙare.

Muna hawa gudiro na danna maɓallina. Fitila ta kama, inji ya ɗaga murya, allurar juyin inji ta haura wajen 2,900. Ba mu bar gidajen Agye a baya ba Baba ya miƙo wuya.

"Malam, wagga wuta ta mi ce?"

"Baba, ta jan kaya ce. Haka ake barin ta."

"A'a. Wuta ba ta kamawa banza."

Ya kamata ku san wane ne Baba. A ƙuruciyarsa ya yi shekaru yana tuƙa Peugeot 404 bashe, mai giya a jikin sitiyari, tsakanin Maraɗi da kasuwannin ƙauye. A duniyarsa in fitila ta kama kana tafiya, ko man inji ya yi ƙasa ko batir ba ya caji, kuma duk biyun musiba ce. Fitilar da ke nufin "komai daidai" ba a haife ta ba a zamaninsa. Na so in yi bayani, to amma ta ina za ka fara koya wa uban matarka mota, mutumin da ya riƙe permi tun ba a yi auren iyayenka ba? Ina cikin tauna maganar sai munafukin yaron nan ya leƙo daga kujerar baya ya ce, "Baba, ga inda ake kashe ta nan."

Baba ya sa yatsa ya danna. Fitila ta mutu, mota ta shiga giya ta huɗu, allura ta faɗo 2,000, inji ya yi luf.

"Ka ji ko? Ta samu lahiya. Da wancan kukan da take, mai take sha. Lita dala ɗari ba tamma guda, ai ba ruwan rijiya ba ne."

Abin haushin shi ne, ga kunne da ido, shi ke da gaskiya. Kuma batun mai ma bai yi ƙarya ba, giya ta uku ta fi sha. Na ce, "Haka ne, Baba."

Hanyar Agye zuwa Maraɗi, in kana cikin bas, sai ka rantse shimfiɗa ce. Sai ka ɗaura tan guda da wani abu a bayanka za ka san duk tudun rairayin da aka malala gudiro a kai. Tudu na farko, mota ta yi nishi, ta yi tsam, sai gim! ta sauko ta uku. Muna kaiwa bisa ta koma ta huɗu. Ba a jima ba ta sake saukowa. Bwat ɗin nan, wato akwatin giya, ya zama tamkar mai mata biyu ranar da lissafin kwana ya rikice: ya leƙa wannan ɗaki a koro shi, ya koma wancan a ce ba nan ba, shi dai yana tsakar gida da takalmi a hannu. Kowane gim sai hular Baba ta gyaɗa, shi kuwa ya ce hanya ce ta lalace.

Daga nan aka shiga yaƙin sunƙuru. Na yi kamar zan ɗauki goro a tsakanin kujeru, na goga babban yatsa a maɓallin. Fitila ta kama, Baba ya kashe. Na bari wata tankar mai daga matatar Damagaram ta zo wuce mu, cikin rugugin ta na sake dannawa, na zaro takardar peyajin safe na jingina ta a tablo ta rufe fitilar ruf. Na ce yau na gama da tsoho. Lokacin ya lumshe ido, carbi na hannunsa na dama, leɓe na motsi. Wallahi bai buɗe ido ba. Hannun hagu kawai ya taso a hankali, ya laluba sandar giya, ya sami maɓallin, ƙyas, ya koma kan gwiwa, ƙwayar carbi ko ɗaya ba ta kuɓuce masa ba. Tsohon direba da kunne yake tuƙi. A madubi ina ganin yaron nan ya cusa hula a baki, kafaɗunsa na rawa.

Na haƙura. Na ce mota tawa ce, amma auren ma nawa ne, kuma ɗayan ya fi wuyar gyara.

Mun wuce Cadawa rana ta take tsaka, irin zafin watan huɗu da ke haura digiri 40, sai wani ƙauri ya fara shigowa. Baba ya shaƙa ya ce wasu na suyar gyaɗa a gona. A watan huɗu, a gonar da ko kara babu! Mota ta fara jan ƙafa, in na taka inji ya yi ihu amma gudu bai ƙaru ba. Sai ga wata fitila, ja wur, A/T OIL TEMP, alamar man bwat ya yi zafi, a gefen takardar peyajina.

"Ka gani," in ji Baba, "wutar da kake ta kunnawa ta haihi wata."

Na gangara gefe ƙarƙashin wani gawo. Allah ya yi wa gawo albarka, shi ne itacen da ke riƙe ganye da rani lokacin da sauran suka tuɓe. Baba ya ce a kashe inji a kwara ruwa. Na ce bari dai in ji ta bakin maigareji, na buɗe kafo na zaro sandar awon man bwat. Man da na sani ja garau ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, yana warin ƙuna. Hannuna duk mai, sai na ce wa yaron ya kira mini lambar ya kara mini a kunne. Ɗan banza ya sa a sifika, ya ɗaga wayar sama tsakanina da Baba.

"Kar ka kashe inji!" in ji maigareji. "Sa ta a P, ka bar ta tana aiki a tsaye. Man bwat ta cikin radiyato yake bi ya huce, in ka kashe inji famfo ya tsaya, zafin ya kwanta a ciki. Fitilar da na ce ka kunna, a kunne take?"

"A kashe take."

"A kashe? Da rimok? Wane jakin ne ya kashe ta?"

Ko tsuntsayen kan gawon nan sun yi shiru. Na dubi ƙasa, na dubi taya, na dubi wata jar akuya da ta tsaya tana kallon mu. Baba ya gyara zaman hula yana duban gabas. Na haɗiye miyau na ce, "Ni ne."

Ai kuwa na buɗe wa kaina ƙofa. Mutumin nan bai san da wa nake ba, ya zage ya wanke ni tas, yana zagi yana karatu. Ya ce giya ta uku kai tsaye take, inji ya juya sau ɗaya sandar da ke kai ƙarfi baya ta juya sau ɗaya. Ta huɗu kuwa ta hutu ce, inji ya juya bakwai sanda ta juya goma, ga sauƙin mai ga shiru, amma ba ta da ƙarfin ja. Ya ce tunda motar ba ta da ambiriyaj, tsakanin inji da bwat wani tulun ƙarfe ne cike da mai, inji ya kaɗa man, man ya juya bwat. In tafiya ta daidaita sai tulun ya kulle ya riƙe gam, in nauyi ya fi ƙarfin giyar sai ya saki ya koma kaɗa mai, kuma wannan kaɗawar da hawa da saukar giya su ke dafa man har ya ƙone faifan ciki. "Sababbin motoci ma," in ji shi, "maɓalli guda aka yi musu na jan kaya saboda masu kunnen ƙashi irinka. Esansin jika biyu kake tsimi, za ka sayi bwat na jika ɗaruruwa. Kai da ka yi lakwal!"

Sai Baba ya matso bakinsa kusa da wayar, cikin natsuwa irin ta dattawa, ya ce, "Gaya mishi, ɗana. Yaran yanzu ba su jin magana."

Yaron nan ya faɗi ƙasa warwas, wai tuntuɓe ya yi.

Muka yi azahar a nan gindin gawon, inji na ta gunaguni shi kaɗai. Kafin mu shafa fatiha jar fitila ta mutu. Maigareji ya ce in taho a hankali, kada in wuce 60, in na zo gangara ko shiga gari in ja sanda zuwa 2 inji ya taya birki riƙo, tunda rimok ɗin ba ta da birkin kanta. Baba da kansa ya danna maɓallin fitilar ruwan goro ta kama, ya cire takardar peyajin ya ninke ya sa aljihu don ya riƙa ganin ta da kyau. Daga nan har Maraɗi tafin hannunsa na kan sandar giya yana gadi. Na miƙa hannu zan ɗauki goro, goron gaske wannan karon, ya kaɗe mini yatsu. "Bar ta, Malam. Wagga wuta ita ce lahiyar mota."

Washegari aka juye man bwat aka zuba sabo, daga aljihuna. Da na shigo gida da yamma na tarar labari ya riga ni. Maiɗakina ta aje mini ruwa, ta zauna, ta dube ni da tausayi ta ce Baba ya faɗa musu yadda na kusa ƙona mota a dajin Cadawa, Allah dai ya sa yana ciki ya lura. Ta ce kuma ya aiko a gaya mini yana da sauran buhu 20 a Gazawa, in shirya Asabar mai zuwa, amma ya ce shi zai zauna gaba saboda ban gama sanin motar ba.