Soket ɗin da ya hana jirgin yaƙi tashi

Akwatin kayan aikinmu a filin jiragen yaƙi shimfiɗe yake da soso, an yanke wa kowace sifana, filaya da sukurudireba gurbi daidai siffarta. Ana ƙirga su kafin aiki, a sake ƙirgawa bayan an gama. Idan gurbi ɗaya ya zama wayam, jirgin da aka taɓa ba ya tashi, ko da janar ne ke jiransa, domin ɗan ƙarfen da bai kai babban yatsa ba yana iya maƙale sandar tuƙi, ko injin ya zuƙe shi ya farfasa fukafukan cikinsa.

Wani dare muka canza famfon haidirolik, mai tura man da ke motsa sassan jirgi, na jirgin da zai fita da asuba. Mun ɗaure bututai, mun fitar da iska daga layi, mun gwada matsi ya kai psi 3,000 babu yoyo. Masu ɗora makamai na tsaye da kekensu suna jiran mu kauce. Na buɗe akwati zan ƙirga, sai ga gurbin soket mai lamba 7/16, ɗan ƙarfen da ake sa wa kan sifana a ɗaure ko a kwance noti, yana kallona.

Sajan ya zo ya leƙa. Bai ce uffan ba sai da ya ja jan gicciye a littafin jirgin, alamar an hana shi tashi, sannan ya buɗe baki. Daga kakannin wanda ya ɓatar da soket ya fara.

Duk murfin da muka rufe sai da muka sake kwance shi. Abin takaici shi ne wayar kulle. Siririyar waya ce mai kaurin inci 0.032 da ake zura wa kan noti don kada jijjiga ta kwance shi, murɗa shida zuwa takwas a kowane inci, kuma dole ta riƙa jan notin ta ɓangaren ɗauri. Wadda aka yanke ba ta komawa, sai sabuwa, guntayen ma sai an tsince su an zuba a jaka. Muka bi kowane lungu da tocila, da madubi mai dogon hannu, da maganaɗisu, da kyamarar leƙen ciki. Sauran jama'a suka jeru kafaɗa da kafaɗa suna taka daɓen filin, kai a sunkuye kamar kaji masu kiwo.

Da yake ni ne mafi ƙanƙanta, ni aka tura bakin injin. Kafin ka shiga sai ka zazzage aljihu, ka cire agogo, ka sa rigar da ba ta da maɓalli. Na ja ciki har gaban fukafukai, ina juya su ɗaya bayan ɗaya ina shafa gefensu ko akwai tsaga. Babu komai. Ina fitowa na kutsa ramin taya, ragowar jan man haidirolik ya tsiyayo mini a goshi. Wani sabon yaro ya gan ni, ya ruga yana kiran likita wai an harbe ni.

Matuƙi ya iso da hularsa a hammata, yana duban agogo. Sajan ya yi sharkaf da gumi saboda faɗa, ya zaro hankici daga aljihun wando. Wani abu ya biyo hankicin, ya daki siminti, ƙil, ya gangaro ya tsaya a gaban takalmina.

Ashe tun da dare ya ɗauka zai gwada wani noti. Babu wanda ya yi dariya, amma kafaɗun kowa na rawa.

"Tsayuwar me kuke yi? A mayar da murafu!"

Muka sake ɗaure komai da sifana mai auna ƙarfin ɗauri, muka sake murɗa waya, mai duba aiki ya bi ya sa hannu aka janye gicciyen. Jirgi ya tashi rana na leƙowa.

Saura rahoton kayan da ya ɓace, wanda ni zan cike. Na kai layin da ke tambayar inda aka same shi, na ɗago kai.

"Oga, me zan rubuta a nan?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "A ina ka tsince shi?"

"A ƙasa, Oga, kusa da jirgi."

"To, me kake jira?"